Athol Crimmins, Uban Bolwara

Idan ka bi hanyar Rafin Corrigan, kafin ka kai gadar katako, za ka ga allo a hannun hagu an rubuta "Kurmin Athol Crimmins", da hoton wani dattijo mai gemu ya rungume bishiya. Mijin yayata ne. Na san shi tun ba gemun, kuma ranar da aka ɗauki hoton nan ina tsaye a wurin. Cinnaka ta cije shi a hammata, mai hoto na juya baya ya saki bishiyar ya zage ta tas.

Ni ce Dulcie, ƙanwar matarsa Merle, Allah ya jiƙanta. Mu biyu iyayenmu suka haifa, a gonar shanun madara cikin tsaunukan bayan Lismore, kuma duk kwarin nan babu wanda ya kai ni sanin Athol, don Merle sonsa take yi, ni kuwa kallonsa kawai nake yi.

Direban katafila ne. Kakansa da ubansa da gatari suka ci kurmin kwarinmu, shi kuma ya zo da inji ya suɗe abin da suka rage. Duk tudun da ka gani a yankin nan tsirara kamar kan da aka yi wa ƙwal-kwabo, aikinsa ne, kuma a lokacin ba ya ɓoyewa. A mashaya yakan nuna tudu ta taga ya ce da safe ya same shi da gashi, kafin yamma ya aske shi. A kan katafilar ma ya zo neman Merle, don ba shi da mota. Wajen juyawa ya kwashe mana shingen gaban gida. Babanmu ya ce bai taɓa ganin mai neman aure ya fara da rushe wa surukai gida ba, amma tunda yaron yana da sana'a, a ba shi.

Da iyayenmu suka rasu, gonar ta koma hannun Merle da shi, ni kuma na yi aure a ƙetaren rafi, inda nake hango bayan gidansu daga madafata. Athol ya share duk wani abu mai ganye a gonar nan, sai wuri ɗaya ya gagare shi: wani kwazazzabo mai zurfi a bayan gida, duhu ne ko da tsakar rana, ga matsattsaku ga kaska. Bai bar shi don tausayi ba. Ya gwada. Wata rana bayan ruwan sama ya doshi gangaren da katafila, ƙasa ta zame, ya yi tsalle ya dira, ya ruga ƙasa, inji na bin sa a baya yana wuntsila. Wani ƙaton ɓaure ne ya tare katafilar, shi kuma dutse ya tare shi a ƙugu. Tun daga ranar yake ɗingishi, tun daga ranar kuma ya ɗauki kwazazzabon nan abokin gaba. Tunda ba zai iya kashe shi ba, sai ya mai da shi juji. Tsohon firji, tayoyi, gwangwanayen mai, mataccen maraƙi, duk can yake tura su.

A cikin wannan jujin bolwara take. Ba ta kai a kira ta bishiya ba, tsawonta bai wuce ka miƙa hannu ka tanƙwaro reshe ba, ganyenta na sheƙi kamar an shafa masa mai. Da zafi ya shigo, wajen Kirsimeti, don mu nan lokacin ne ake zafi, sai ta yi fure a jikin rassa, fari mai ratsin rawaya, ya buɗe da safe ya zube kafin gobe. Ƙamshin kuwa ba ya neman izini. Yakan hauro gangare ya shiga ɗaki ya kama labule, in ka taɓa furen sai ka wuni da shi a yatsu. Da sanyi ya kama sai 'ya'yan su nuna, kamar 'yan tuluna, cike da ƙwaya, da zaƙi da ɗan yaji mai tsikarar harshe. Mamarmu takan dafa su da sukari ta yi jam na shafa wa burodi, Merle ta gaje ta. Duk shekara sai ta sa takalmin roba, ta shafa gishiri a ƙafa saboda matsattsaku, ta sauka da bokiti, ta ratsa tsakanin firji da tayoyin mijinta ta ɗebo.

Athol ba ya ci. Cewa yake furen warin asibiti yake yi, jam ɗin kuma maganin tari ne aka ɓata wa suna. Shi na gwangwani yake so, na kanti. In Merle ta ɗora tukunya sai ya ɗauki shayinsa ya koma rumfar shanu, yana cewa gara warin da ya sani.

Sai kasuwar madara ta faɗi. Kamfanin bota da ke sayen madarar kwarinmu ya rufe, maƙwabta suka yi ta sayar da shanu suna komawa bakin teku. Waɗanda suka saye tuddan wasu matasa ne daga birane, maza da mata duk da dogon gashi, ba takalmi, sunayen 'ya'yansu kamar na tsuntsaye. Abin da suka zo yi shi ne su mayar da kurmin da Athol ya aske. Suna haƙa rami suna dasa bishiya ɗaya bayan ɗaya, yana wucewa a a-kori-kurarsa yana danna musu oda. A mashaya ya ce in suka gama zai yi musu rangwame ya sake sharewa. Amma aikin katafila ya ƙare, nasa shanun ma sun tafi, ya koma zaman baranda yana faɗa da rediyo.

Abin ya juya ne a kasuwar Lahadi da ake ci a filin makaranta. Merle ta kai 'yan kwalaben jam ɗinta teburin matan coci, ni ina taya ta. Athol direba kawai ya zo, yana zaune a kan akwati a bayanmu yana cin nama a burodi, miya na zuba masa a riga. Sai ga wata mata siririya da ƙaton tabarau, ta ɗanɗana a ɗan cokali, ta rufe ido, ta daɗe a haka har na ɗauka hawan jini ne. Sunanta Philippa Strang, tana da gidan abinci a Sydney, irin wanda ake kawo maka loma ɗaya a tsakiyar ƙaton faranti. Ta ce ba ta taɓa jin irin wannan ba, duk abin da muke da shi tana so, kuma daga ina wannan abu yake fitowa.

Merle ta buɗe baki ke nan, sai muka ji murya daga baya.

"Daga kurmina," in ji Athol, yana goge hannu a wando. "Ɗan abin da na samu na ceto ke nan, 'yar'uwa. Da ba don ni ba, da tuni sun baje shi."

Na dubi Merle, Merle ta dubi kwalabe. Philippa ta riƙe hannunsa da hannu biyu ta ce ƙasar nan tana bukatar mutane irinsa. Kafin mu naɗe tebur ya ba ta labarin yadda ya tsaya a gaban katafila a bakin kwazazzabon nan, har ya samu raunin da yake ɗingishi da shi. A mota na ce masa ai bai yi ƙarya ba, na gan shi a gaban katafilar da idona, sai dai ban ga tsayuwar ba. Ya ce wa Merle ta gaya wa ƙanwarta akwai motar haya.

Cikin 'yan watanni aka haifi sabon Athol. Ya bar gemu, ya sayi malafa mai faɗi da riga mai aljihuna da yawa. Ya koyi sunan bolwara na masana, mai tsawo, yana faɗinsa kowace rana da sabon lafazi. Aka buga takardar mannawa a kwalba da fuskarsa, sunan Merle kuma babu ko a ƙasa. Ta ce ba komai, ita dai a bar ta da tukunyarta. Philippa ta riƙa turo baƙi daga birni, yana kai su bakin gangare, iyakarsa ke nan, yana nuna ƙasa da sanda yana ba su tarihin kowace bishiya. Firjin da tayoyin ya ce wasu marasa tarbiyya ne suke zuwa su zubar, abin yana ci masa rai. Wata baƙuwa har da hawaye.

Da ya fara cewa shi ne mutum na farko da ya gano ana cin 'ya'yan, sai labari ya kai kunnen Anti Glenys. Anti Glenys dattijuwa ce ta mutanen Bundjalung, waɗanda kurmin nan nasu ne tun kafin kakanninmu su sauko daga jirgi, kuma ajinsu ɗaya da Merle a makaranta. Ta same shi a kasuwa yana tsakiyar jawabi, ta tsaya ta saurara har ƙarshe da jakarta a hannu. Sannan ta ce ta gode ƙwarai, za ta je kabarin kakarta ta shaida mata cewa abin da ta rayu tana ci, yanzu an gano ana cinsa. Baƙin suka yi dariya ba su san ta me ba. Athol ya ce ai shi kullum yana girmama 'yan asali, ya nemi a ɗauke su hoto tare. Ta ce gashinta bai gyaru ba.

Matsalar ita ce bokitin Merle ba ya ƙaruwa, masu so kuwa kullum ƙaruwa suke. Athol ya ce wannan harkar mata ce, ta roro a daji, shi zai nuna mana yadda ake noma. Ya sa aka yanko rassa aka dasa a filin da shanu suke kiwo, layi-layi kamar sojoji, a tsakiyar rana. Suka ƙone. Ya sake dasawa, ya kafa musu rumfar raga mai faɗin filin ƙwallo, wato ya kashe abin da ya samu na shanu wajen sayen inuwa, shi da ya yi rayuwarsa yana kawar da ta kyauta. A ƙarƙashin raga suka kama, bayan 'yan shekaru suka yi furen farko, kwari ya cika da ƙamshi, Athol yana yawo a ciki yana shaƙa kamar ba shi ne mai cewa warin asibiti yake yi ba.

Sai ya leƙa cikin wani fure ya ga 'yan ƙwari. Ƙanana ne, ruwan ƙasa, masu dogon baki kamar na cikin wake, sun cika kowane fure suna ci. Duk wanda ya taɓa tsinkar bolwara ya san su, tare suke zuwa da furen, kuma furen da ba su shiga ba ba ya ɗa. Merle ta gaya masa haka a wajen karin kumallo, ta ce tun muna yara suke nan, ya ƙyale su. Ya ce ita da ƙwari duk ba su san darajar jari ba. Ya goya injin feshi ya bi layi-layi ya wanke su da magani. Da ya ga sauran magani a tanki, kuma shi mutum ne da ba ya son asara, sai ya tsaya a bakin kwazazzabo ya juye shi ƙasa ta inda iska ke kaɗawa.

Da sanyi ya zo, babu ɗa ko ɗaya. Babu a rumfa, babu a kwazazzabo. Merle ta sauka da bokiti ta hauro da shi wayam, ta ajiye masa a kan teburin cin abinci, a kan farantinsa.

Ga shi ya riga ya yi wa Philippa alkawarin kwalabe cike da mota, ya kuma sa sunansa a gasar baje kolin gunduma. Maƙwabtan nan masu dogon gashi suna da bolwara a tudunsu, ta kuma yi 'ya'ya, amma ya ce gara ya mutu da ya je roƙo wurin mutanen da ba su san sabulu ba. Kwana biyu ina hango shi daga madafa yana zagaye rumfa da hannu a baya. Rana ta uku na ga a-kori-kura ta fita da sassafe, ta dawo da buhuna.

Gwaba ce. Irin wadda ta cika mana gefen hanya, wadda hukuma take biyan mutane su sare, jemagu ma sai sun rasa abin ci suke kula ta. Ya ce wa Merle ai duk ƙwaya ce da zaƙi, 'yan birni ba za su bambance ba. Merle ta ce ita ba za ta sa hannunta a ciki ba, tukunyar mamarmu ma ba za a taɓa ba. Sai ya sayo ƙatuwar tukunya ya kafa murhun gas a tsohuwar rumfar tatsa, mutumin da bai taɓa dafa ko ƙwai ba. Kaskon farko ya ƙone, na biyu ya yi tauri har ya riƙe cokali a tsaye. Na uku ya yi daidai, amma gwaba ce zalla, ko yaro zai gane. Ya zuba gyaɗar ƙamshi, ya zuba masoro da kanumfari, har yanzu da saura. Ya zauna yana tunanin me bolwara take yi a baki, sai ya tuna abin da ya daɗe yana faɗa. Ya shiga gari ya kwashe duk alewar tari da ke kantin magani.

Da wannan ya ci na ɗaya a baje koli. Alƙalan suka ce ba su taɓa jin ɗanɗanon kurmi ƙarara haka ba, wai har sanyin inuwar kana ji a maƙogwaro. Philippa ta bugo waya ta ce bana ya wuce kowace shekara, masu cin abincinta suna tambaya ko za a samu na kaiwa gida. Kowa a kwarin ya san abin da ke cikin kwalbar, don mai kantin magani ba ta iya riƙe magana, gefen hanya kuma ya yi fes kamar an share. Babu wanda ya faɗa wa baƙi. Mun daɗe 'yan birni suna koya mana yadda za mu zauna a garinmu, ganin suna layi suna sayen alewar tari da tsada ya ɗan sanyaya mana rai.

Shekara ta zagayo, ƙwarin suka dawo, daga tudun masu dogon gashi suka gangaro. Athol ya ɓoye injin feshi, ya kuma fara ba baƙi darasi a kan muhimmancin ƙwaro. Bolwara ta yi 'ya'ya kamar ta rama, Merle ta ɗora tukunyar mamarmu ta yi jam mafi kyau da na taɓa ci daga hannunta. Aka aika Sydney. Sai ga waya. Ina gidan, ina jin muryar Philippa tana fitowa ta kan wayar, tana cewa, "Mista Crimmins, kada ka ji haushi, amma na bana kamar an tsinka shi da ruwa. Ina wannan sanyin na bara? Kada dai ka fara barin wasu suna yi maka."

Athol ya ce zai bincika. Ya ajiye waya yana kallon silin.

Merle ta wanke tukunyarta, ta goge, ta ɗora a can saman kabad. Ta kwance atamfar da take ɗaurawa a gaba in za ta yi girki, ta rataya masa a wuya.

"Naka ya fi," ta ce. "Sai ka ci gaba."

Daga ranar ba ta sake dafa na sayarwa ba. Takan yi 'yan kwalabe kaɗan, ni ɗaya, Anti Glenys ɗaya, sauran ta kulle. Athol kuwa ya shiga bautar da bai taɓa yi wa shanu ba. Da asuba yana gefen hanya yana kakkaɓar gwaba, malafa a ƙasa-ƙasa kada a gane shi, da rana yana rumfar tatsa yana juya tukunya, hannuwa duk tabon ƙuna, gemu na warin minti. Bolwarar da ya kashe dukiya ya dasa tana zuba a ƙasa talotalon daji na ci, sai dai ya ɗebi kaɗan ya jera a kwando don baƙi su gani. Alewar tari kuma sai ya tafi garuruwa masu nisa yake saye, kanti-kanti, yana tari na ƙarya a gaban masu kantin.

Na ɗauka asirinsa ya tonu shekarar da masu baje koli suka gayyace shi ya dafa a gaban jama'a. Ya yi ta zillewa, ya ce ƙugu, ya ce sirrin gida ne, suka ce ai an riga an buga a takarda, Philippa ma za ta zo da masu ɗaukar hoton talabijin. Aka kafa murhu a kan dandamali, aka ajiye kwando cike da bolwara ta gaske. Duk kwarinmu ya hallara, har da waɗanda suka rufe shagunansu don su zo. Ni da Merle da Anti Glenys muka samu kujerun gaba, Anti Glenys har da guzurin gyaɗa.

Ya fara da jawabi, ya ja shi iya ja. Da ya ga ba makawa ya zuba 'ya'yan a tukunya, ya riƙe wuƙa kamar bai san ta inda ake yanka su ba, don bai sani ɗin ba. Tukunya ta tafasa, ya ɗanɗana, fuskarsa ta nuna abin da ya ji. Sai ya juya wa jama'a baya kamar yana neman cokali, ya zura hannu a ɗaya daga aljihunan rigar nan, ya zaro. Aljihun ya yage. Alewar tari ta watse a kan dandamali, kowace da takardarta, wasu suka gangaro har gaban ƙafafunmu. Anti Glenys ta sunkuya ta ɗauki ɗaya, ta ɓare, ta jefa a baki.

Athol ya tsaya da sauran alewa a hannu, ya yi ja har kunne. Sannan ya matso kusa da lasifika, ya sassauta murya kamar mai ba da amana, ya ce to tunda Allah ya tona, bari ya faɗa. Wannan tsohuwar dabara ce ta masu saran katako, daga kakansa ya gada: mai na ganyen turare da ke cikin alewar shi yake tada ruhin bolwara daga barci.

Mutanen kwari suka fashe, wani tsoho har ya faɗo daga benci. 'Yan birni kuwa suka ɗauka dariyar jin daɗi ce, suka hau tafi. Philippa ta dafe ƙirji. Aka nuna shi a talabijin, kuma na ji an ce bayan haka gidajen abinci da dama a Sydney sun riƙa jefa alewar tari a miya. Gwabar dai ba ta fito ba, don ba ta shiga aljihu. Shekarar da ta biyo aka kafa allon nan na bakin hanya.

Merle ba ta daɗe ba bayan haka. Ciwo ya kwantar da ita a asibiti daidai lokacin fure, ta ce ba abin da take kewa sai ƙamshin. Athol ya tashi ya fita. Washegari ya shigo da ɗingishinsa, wando duk laka, jini na bin ƙafarsa inda matsattsaku suka kama, ga reshe a kafaɗa. Ya sauka kwazazzabon da ƙafarsa, abin da bai yi ba tun ranar katafila. Ba fure ya tsinko ba, rabin bishiyar ya karyo, don bai iya ɗaukar abu kaɗan ba. Kafin a jima ɗakin ya cika, mai gadon kusa ta fara atishawa, ma'aikaciyar jinya ta ce ko reshe ya fita ko shi. Merle ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce masa wawa, ta riƙe hannunsa. Na fita na ba su wuri. A makon ta cika.

Bai iya zaman gidan shi kaɗai ba. Wani kamfani ya saye sunan da fuskar da ke jikin kwalba, masu dogon gashi, waɗanda yanzu duk sun yi furfura da sanƙo, suka haɗa hannu suka saye gonar. Su suka fitar da firjin da igiya. Shi kuma yana gidan tsofaffi a Ballina, inda ya tara sababbin masu sauraro da ba sa iya tashi su gudu.

Watan jiya na kai masa ziyara na same shi yana huci, da kwalba a hannu. An kawo musu jam ɗinsa a wajen shayi, ya sa tabarau ya karanta ƙananan rubutun baya. Tuffa ce da sukari da ƙamshin sinadari, ana yi a wata masana'anta a can kudu. Ya ce wannan zalunci ne, ana yaudarar bayin Allah da fuskarsa, mutane yanzu ba su da amana ko kaɗan. Yana so in kai shi gidan rediyo ya tona musu asiri.

Na ce zan kai shi, amma in mun je sai ya fara da bayanin gwaba.

Ya dube ni ta saman tabarau, da gaske ransa ya ɓaci.

"Dulcie, kada ki haɗa ni da su," ya ce. "Ni da hannuna nake tsinko tawa."

Aka buga ƙararrawar abinci, ya miƙo mini kwalbar ya ce in riƙe masa shaida, ya ja sandarsa ya yi gaba don kada a riga shi kujerar kusa da taga.